Ango Mahauci da Ƙodarsa Guda

Wuƙaƙen Ango huɗu ne. Akwai ta yanka, akwai ta fiɗa, akwai siririyar da yake yankan tsire da ita, sai wata tsohuwa mai ƙotar ƙaho da ya gada daga mahaifinsa, wadda ba ta aikin komai sai ratayewa a jikin rumfa tana kallon sauran. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illo ya san tukubarsa, can gindin dogon yaro, daura da layin masu kayan babur. Hayaƙinta ne ke fara yi wa baƙo maraba tun bai sauko daga mota ba.

Ba aure ne ya ba shi sunan ba. An haife shi ranar da ake ɗaura auren ƙanen babansa, mata suka ce ga wani angon ya iso, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Sunansa na yanka Muhammadu, amma ko matarsa Safina sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. 'Ya'yansu bakwai, jikoki biyar. Yana jin Dendi kamar Hausa, yana da Fulatancin cinikin dabba, Faransanci kuwa iyakarsa gaisuwa da ƙirgen tsinke, don mutanen Benin da ke tsallako iyaka ranar kasuwa ba sa komawa sai sun biyo ta wurinsa.

A sana'ar fawa babu abin da ke ɓacewa daga jikin dabba kamar ƙoda. Ga ta ƙarama, ga daɗi, ga sauƙin shiga aljihu. Shi ya sa duk mahaucin da aka kawo wa rago daga kwata, kafin ya kalli cinya sai ya cusa hannu cikin kitsen baya ya ƙirga: ɗaya, biyu. In ya ji ɗaya, mai fiɗa zai sha tambaya. Sai dai mahaifin Ango ya kafa masa doka tun yana koyon riƙon wuƙa, cewa kada ya buɗe baki sai ya duba abu uku. Ya duba kitsen ko akwai gurbin da ƙodar ta kwanta, ya duba ko wuƙa ta bar kututturen jijiya, sannan ya auna wadda ta rage a tafin hannunsa. Tsohon ya ce akwai dabbar da Allah ke halitta da ƙoda guda, kuma takan zo ƙatuwa. A tsawon fawarsa Ango ya ci karo da uku irin su, tumaki biyu da bunsuru ɗaya, kuma duka ukun dokar tsohon ta hana shi jin kunya.

Shagon da ke kallon tukubar na Uzodinma ne, mutumin kudu da ya shigo Illo da jaka ɗaya ta fulogi da sarƙar babur, ya zauna har ya haifi 'ya'ya huɗu a garin. Yau mafi yawan injinan ban-ruwa da ke fadamar shinkafa da albasa daga wurinsa suke samun kayan gyara. Hausarsa ta garin ce tsaf. Ango na kiransa Uzo, shi kuma yana kiran Ango Sarkin Fawa, ko da yake ba shi ne sarkin ba, kuma sarkin na gaskiya ya gaji da yi masa gyara. Kowace ranar kasuwa Ango yakan ware ƙodar ragon farko, ya tsaga ta, ya barbaɗa gishiri da yaji, ya ajiye ta gefen wuta. In rana ta karkata sai Uzo ya tsallako da kujerarsa ta roba su raba. Wannan ƙodar ba ta sayarwa ba ce. Wani direban babbar mota ya taɓa nacewa sai an ba shi, Ango ya ce masa ya yi haƙuri, an riga an yi mata miji.

Shekarun baya ƙaba ta sauko wa Ango yana ɗaga cinyar bijimi, ta maƙale, har ya kasa miƙewa. Safina tana biki a Lafagu, manyan 'ya'ya ba sa gari. Uzo ne ya rufe shago, ya samo mota, ya kai shi wani asibiti a tsallaken iyaka inda ya san likita, ya tsaya aka yi aikin, ya yi jinyarsa har Safina ta iso. Ango ya dawo da ɗan tabo a ƙasan mara wanda bai kai tsawon yatsa ba, ya ci gaba da fawarsa.

Bara da bazara ciwon baya ya sa shi gaba. Ya sha ƙwayoyin masu talla a tire, ja da fari da mai ruwan ƙwai, ciwon ya lafa ya dawo. Daga ƙarshe ɗansa na uku, Sufyan, ɗan kabu-kabu mai saurin tafiya da saurin baki, ya ɗora shi a babur suka haye kogin Kwara zuwa Bagudo don a yi masa hoton ciki. Mai hoton ya shafa masa wani abu mai sanyi, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya sake juya shi, sannan ya tambaya ko an taɓa yi masa aiki. Ango ya ce an yi. Mutumin ya ce shi dai ƙoda ɗaya yake gani, ta dama, ta hagu bai same ta ba, amma kada a tayar da hankali, a je Birnin Kebbi a yi hoton da ya fi wannan.

Daga duk bayanin nan abu biyu Sufyan ya ɗauko: an yi aiki, ƙoda babu. Kafin la'asar ɗin washegari maganar ta zaga tasha, ta shiga kasuwa, ta sauka fadama. Kowa ya taɓa jin labarin masu sayar da ƙodar mutane a rediyo ko a waya, kuma kowa ya san wanda ya kai Ango asibitin nan. Lauwali mai balangu, maƙwabcin tukubarsa, ya leƙo yana dariya ya ce, “Shekara da shekaru kana ba shi ta rago, ashe taka yaka aunawa.”

Ango bai yi dariya ba. Bai kuma ce Uzo ya yi ba. Amma hannun mahauci ne da shi, hannun da ya saba in ya ƙirga ya ji ɗaya sai ya waiwayi mai fiɗa. Abu ukun da ya duba wa tumaki da bunsuru, ko ɗaya bai tuna ya duba wa kansa ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce Allah ne masani, a kasuwa kuwa wannan amsar daidai take da shaida.

Da ranar kasuwa ta zagayo ya tsaga ƙodar kamar kullum, ya tsaya yana kallonta, sai ya yayyanka ta ya soka a tsinke cikin na sayarwa. Rana ta karkata, Uzo ya tsallako da kujerarsa. Ya kalli gefen wuta, ya ga babu komai. Ya tambayi Ango ya bayan, Ango ya ce da sauƙi. Uzo ya ɗan tsaya riƙe da kujerar, bai ajiye ta ba, sannan ya ce Allah ƙara sauƙi, ya koma da ita.

Daga nan manoma suka fara wuce shagon Uzo suna tafiya har Lolo neman kayan inji. Yara suka riƙa tsokanar 'ya'yansa a hanyar makaranta. Matarsa ta daina shigowa gidan Ango ɗibar ruwa. Ba a jima ba aka ga kwalaye ɗaure da igiya a bakin shagon, aka kuma ji ya gaya wa wanda ya ba shi hayar shagon cewa da zarar yara sun gama zangon karatu zai tattara ya koma gida. Ango yana gani daga tukubarsa, kwalayen na ƙaruwa. Ya ƙirga tara, ya daina ƙirgawa. Tsirensa ma ya fara ƙonewa a gefe ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba.

Safina ce ta tare shi wata safiya tana dakan ƙuli-ƙulin tsire. Ba ta ko ajiye taɓarya ba.

“Malam, tun da nike gidan nan ban taɓa ganin ka fidda ƙoda ta cinya ba.”

Ango ya ce wane irin zance ne wannan.

“Tabon ga ni na riƙa wanke shi. Ko ƙwan zabo ba ya wucewa ta nan. Kai da ke fawa, ta ina anka bi anka kai bayanka?”

Ya ce Sufyan ya ce yanzu akwai na'urori.

“To a tahi a tambayi na'urar. Mai hoto cewa ya yi a je Birnin Kebbi, ba cewa ya yi a je tasha ba.”

Ashe ta riga ta ɗaure masa kaya, har da fura a kwano. Washegari su uku suka kama hanya, shi da ita da Sufyan.

A babban asibitin an ɗebi jininsa, an karɓi fitsari, sannan aka kwantar da shi aka tura shi cikin wata na'ura mai baki kamar rijiya a kwance. Da sakamako ya fito aka shigar da su wurin Likita Aminat, wata matashiya mai gilashi wadda ba ta girmi babbar 'yarsa ba. Ta juyo da allon kwamfutarta gare su. Na'urar ta nuna jikinsa yanka-yanka, falle bayan falle, daidai yadda shi yake shimfiɗa nama a faranti. Ango ya matso da kujera. Tun tana neman ta fara bayani ya nuna da yatsa ya ce wannan hanta ce, wancan saifa, ga ƙashin baya. Likitar ta yi dariya ta ce ashe abokin aiki aka kawo mata. Ya ce sai dai shi waɗanda yake yi wa aiki ba sa tashi bayan ya gama.

Sai ta gangaro da hoton zuwa ƙodar dama. Ango ya ƙura wa ƙodar ido. Ta cika wurinta fam, har ta nemi ta fi ƙarfin gurbin. Tafin hannunsa ya buɗe da kansa a kan gwiwa kamar zai auna ta, nan take muryar mahaifinsa ta dawo masa.

“Ɗiyata,” in ji shi, “duba mini hagu. Akwai gurbi cikin kitsen?”

Ta ce babu, hanji ne ma ya kwanta a wurin.

“Kututturen jijiya hwa?”

Ta ce babu jijiyar da ta taɓa fita zuwa wannan gefen, babu alamar ɗinki, ko bututun da ke kai fitsari mafitsara ma guda ɗaya ne. Ta ce ƙodar da aka cire wa babba takan bar sawu, kuma ba a ciro ta ta irin tabon da ke jikinsa.

Sufyan, wanda tun shigowarsu yake tsaye a bakin ƙofa, ya tambaya a hankali ko ke nan ba a ɗauka ba.

“Babu wanda ya ɗauka,” in ji likitar. “Tun farko ba ta tsiro ba.”

Ta ɗauki biro ta zana musu a bayan takarda. Ta ce tun Baba yana cikin mahaifiyarsa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, wani ɗan toho ke fitowa a kowane gefe. Naman da ke kusa da tohon yana fitar da wasu sinadarai da likitoci ke kira sinadaran girma, aikinsu aike ne kawai. Su ke ce wa tohon taho nan, tsage biyu, sake tsagewa. Shi ma tohon yana mayar da nasa aiken, sai naman ya riƙa ƙera 'yan ƙananan matatai a bakin kowane reshe, dubbai a kan dubbai, su ne ke tace jini. A gefen hagu na Baba aiken bai isa ba, ko kuwa tohon bai amsa ba, sai wurin ya zauna haka nan. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Ta dama kuwa da ta ga aikin biyu ya hau kanta, sai waɗannan sinadaran suka ƙara mata girma tun yana jariri, ta ɗauke nauyin duka, shi ya sa bai taɓa sanin ɗaya ce ba.

Safina ta tambaya ko ita ce ke sa ciwon bayan. Likitar ta ce a'a, jininsa da fitsarinsa sun nuna ƙodar na aiki lafiya, bayan kuwa sunkuyo ne a kan tukuba da ɗaga cinyar bijimi da shekaru. Amma ta ɗaga biro ta yi gargaɗi. Ta ce sinadaran nan su ne kuma ke yi wa ƙoda faci in ta ji rauni, sai dai in raunin ya yi ta maimaituwa, facin nasu kan zama tabo, tabo kuwa ba ya tace jini. Ƙwayoyin ciwon jiki na tire, da wuni gaban wuta babu shan ruwa, da yawan gishiri, da hawan jinin da ba a aunawa, su ke kawo irin wannan rauni. Mai biyu ma ya kiyaye, balle mai ɗaya.

A mota Safina ta yi barcinta, Sufyan ya ƙura wa taga ido, Ango kuwa yana tunanin sauran dokar mahaifinsa, don dokar tana da wutsiya. Tsohon ya ce in mahauci ya zargi mai fiɗa, aka duba aka ga ba haka ba ne, ba a zaure ake ba da haƙuri ba. Inda aka kunyata mutum nan ake kai masa namansa, ido na gani. Kafin su iso Illo ya yanke wa Sufyan nasa hukuncin: duk fasinjan da ya hau bayansa, daga tasha har bakin iyaka, sai ya ji labarin tohon da bai tsiro ba. Ya ce bakin da ya kai maganar shi zai dawo da ita.

Ranar kasuwa Ango ya yanka ragonsa, ya cusa hannu cikin kitse ya ji biyu, ya ware su duka. Ɗaya ya gasa, ɗaya ya bari ɗanya. Da kasuwa ta cika ya bar wa Lauwali tsaron tukuba, ya ciro tsohuwar wuƙar nan mai ƙotar ƙaho daga jikin rumfa, ya ɗauki faranti da ɗan bencinsa ya tsallaka hanya. Tun da suke tare bai taɓa tsallakawa ba, kullum Uzo ne ke zuwa. Masu kayan babur suka bar abin da suke yi.

Uzo yana durƙushe yana ɗaure kwali. Ya amsa gaisuwa bai ɗago ba. Ango ya ajiye benci, ya tsaga ɗanyar ƙodar biyu, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. Ya nuna musu fararen rassan da ke cikinta, ya ce ga tohon da likita ta faɗa, haka yake tsagewa yana tsagewa. Ya ce shi nasa na hagu bai tsiro ba tun yana ciki, an duba babu gurbi, babu kututture, wadda ta rage kuwa ta kusa biyun wannan. Mahautan da ke wurin suka gyaɗa kai, don kowannensu ya taɓa cin karo da irin wannan dabbar. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Dendi saboda mutanen tsallake. Wata mai albasa ta tambaya ko ita ma za ta iya kasancewa da ɗaya, ya ce ta je Bagudo, shi tsire yake sayarwa.

Sannan ya zauna, ya rage murya.

“Uzo, na ƙirga ban duba ba.”

Uzo ya gama ƙullin da yake yi kafin ya ɗago.

“Sarkin Fawa, ni na riƙe maka roba kana amai a asibitin nan. Ƙafa nawa ne tsakanin tukubarka da shagon ga? Da ka tambaye ni.”

“Da na tambaye ka,” in ji Ango.

Ya raba gasasshiyar biyu ya tura farantin. Farantin ya daɗe a tsakaninsu, har mutane suka fara kallon wani wuri. Can Uzo ya goge hannu a wando, ya ɗauki yanki ɗaya, ya tauna, ya ɓata fuska.

“Babu gishiri.”

“Likita ta hana.”

“Kai anka hana ko ni?”

Ango ya laluba aljihu ya fito da ɗan ƙullin gishiri da Safina ta cusa masa da safe, ya barbaɗa a rabin Uzo kaɗai. Lauwali ya yi ihu daga tsallake cewa tsire na ƙonewa, babu wanda ya kula shi.

Suna cikin ci wani manomi daga fadama, wanda ya daɗe tsaye yana juya hula a hannu, ya matso ya tambaya ko akwai robar bakin injin ban-ruwa mai inci uku. Uzo ya ce akwai, amma tana can kwalin ƙasa, ya kuma ɗaure shi da kyau. Ya gwada ƙullin da farce bai kwance ba. Ya miƙa wa Ango hannu, Ango ya ɗora masa wuƙar mahaifinsa, igiyar ta tsinke a ja ɗaya. Kafin magariba kwalaye huɗu aka buɗe.

Sauran sun ɗauki lokaci. Matar Uzo ba ta sake taka gidan Ango ba sai da Kirsimeti ta zo, Safina ta kai mata cinyar rago da kanta ta zauna a tsakar gidan ta ƙi tashi. Sufyan kuwa ya yi ta ba da labarin toho har fasinjoji suka fara roƙonsa ya yi shiru ya kalli hanya.

Yanzu in ka je tukubar Ango za ka tarar da jarkar ruwa a gindin dogon yaro da kofin silba ɗaure da zare. Ƙwayoyin tire sun daina tsayawa wurinsa. Cinyar bijimi kuwa mutum biyu ke ɗaga ta. In rana ta karkata wani lokaci Uzo ne ke tsallakowa da kujera, wani lokaci Ango ne ke tsallakawa da benci, kuma duk wanda ya iso, abin da Uzo ke fara yi shi ne ya ɗaga jarkar ya jijjiga. In ya ji ta da nauyi sai ya cika kofin ya miƙa, ya ce ƙodar rago za ta jira, a fara sallamar ta Sarkin Fawa.